Buhun Siminti da Jirgin Ruwa

Duk wanda ya taɓa ɗora bulo a kan bulo a Nima, ko Ashaiman, ko Zangon Kumasi, ya san yadda ake gini a wurinmu: ɗaki ɗaya bana, ɗaya baɗi, sai a tsaya a jira kuɗi. Kafin kuɗin su taru, buhun siminti ya ƙara tsada. Ɗalibaina sun tambaye ni dalili, tun da ga masana'antu nan birjik a Tema. To, ga abin da na gaya musu.

Siminti aiki biyu ne. Da farko ana ƙona farin dutse da yumɓu a wata babbar murhu mai zafin gaske, sai su dunƙule su zama tsakuwa da ake kira kilinka. Na biyu, a niƙa kilinkar ta zama gari, a zuba a buhu. Aikin farko shi ne mai cin jari, kuma sai ƙasar da Allah ya hore wa dutsen da yawa. Mu a Gana, galibi na biyun muke yi. Kilinka a jirgin ruwa take zuwa, da dala ake biyanta. Ranar da sidi ya faɗi, magini a Tamale sai ya ji a jikinsa.

Kamfanonin waje sun san wannan sarai, shi ya sa suke shiga ƙasa da taki-taki. Su fara da rumbu a bakin teku, in kasuwa ta karɓe su su kafa injin niƙa, murhu kuwa sai inda dutse yake. GHACEM, wanda gwamnati ta kafa a 1967 tare da kamfanin Norcem na ƙasar Nowe, yanzu yana hannun Heidelberg na Jamus. Injinansa suna Tema da Takoradi, amma da Jamusawan suka tashi gina murhu, a Tabligbo ta Togo suka gina. Indiyawa sun kafa Diamond a Aflao, dab da iyaka. 'Yan Maroko sun zo da CIMAF.

Sai Alhaji Aliko Dangote. Masu karatu za su tuna cewa shi tattaɓa-kunnen Alhassan Dantata ne, wanda ya yi fataucin goro tsakanin ƙasar nan da Ikko. Hanyar ce dai, kaya ne suka juya. A 2011 kamfaninsa ya fara ɗura siminti a buhu a Tema, daga baya manyan motoci suka riƙa kawo shi daga Ibese ta Nijeriya, ta Binin da Togo. Masu niƙa na gida suka yi ta ƙorafi cewa ana karya musu kasuwa. A 2015 kaɗai ya buɗe masana'antu a Kamaru, Habasha, Zambiya da Tanzaniya. A Habasha ya gina murhu. A Duwala injin niƙa kawai.

A ganina gasar ta yi amfani, don mai saye ya sami zaɓi. Amma yawan sunaye a jikin buhu bai sauke farashi yadda muka zata ba, domin mafi yawansu a tashar jirgi ɗaya suke jiran kaya. A 2024 Ministan Ciniki K. T. Hammond ya kai dokar sa ido kan farashin siminti majalisa, kamfanoni suka ce ai ba su ke yanka wa dala kuɗi ba. A ƙarshen shekarar kuma Holcim na Suwizalan ya amince ya sayar da kasonsa na Lafarge ta Nijeriya ga Huaxin na ƙasar Sin.