Ciyawa cikin ruwan kifi: yaushe ake cewa ta cika?

A Iferwan ruwa ba abin wasa ba ne. Mai garka yana tashi tun da asuba. Ya ɗaura raƙumi ko sa ga takarkart, ko kuma ya tada injin ban ruwa. Wasu sun gina kwamin siminti kusa da rijiya. A nan suke tara ruwa kafin su sake shi ga albasa da alkama. In ruwa ya daɗe a kwami, sai ya yi kore. Sauro kuma ya zo ya zuba ƙwai. Dabara guda ita ce a sa ƴan kifi, don kifi yana cin tsutsar sauro. To, ciyawar da ke fitowa cikin ruwan fa? A bar ta, ko a cire ta? Wannan tambaya ta daɗe tana damun wasu mutane can nesa, masu kiwon kifi cikin akwatin gilashi. Abin da suka gano zai amfani mai garka.

Akwatin kifi

A manyan birane akwai masu ajiye kifi cikin ɗaki. Ba don miya ba, don kallo. Suna haɗa akwati da gilashi, su zuba yashi a ƙasa, su cika shi da ruwan daɗi, su dasa ciyawar ruwa, kana su saki ƙananan kifaye. Turawa suna ce masa akwariyom.

Ga lissafin ƙaramin akwati. Tsawo santimita 60, faɗi santimita 30, zurfi santimita 30. Yana ɗaukar ruwa lita 54. Wato jarka uku ta lita 20, saura kaɗan.

A shekarar 1850 wani masani a Ingila, mai suna Robert Warington, ya ba da labarin gwajin da ya yi. Ya sa jajayen kifi biyu cikin mazubin gilashi mai ɗaukar wajen lita 50, tare da wata ciyawa mai dogon ganye. Bai canza ruwan ba. Da tsofaffin ganyaye suka ruɓe, ruwa ya fara lalacewa. Sai ya sa ƴan katantanwa, suka cinye ruɓaɓɓen ganye, ruwa ya washe. Kifi suka rayu. Daga nan aka gane ciyawa ba ado kaɗai ba ce, aiki take yi. A shekarar 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko a birnin Landan.

Aikin da ciyawa ke yi

Kifi yana numfashi kamar kowace dabba. Iskar da yake bukata tana narke cikin ruwa, sunanta oksijan. Da rana, in haske ya taɓa ganye, ciyawa tana fitar da wannan iska. Mai lura zai ga ƴan ƙananan kumfa suna tashi daga ganyen da ke ƙarƙashin ruwa.

Aiki na biyu ya fi wannan girma. Kifi yana kashi cikin ruwan da yake zaune. Yana kuma fitar da wani abu mai suna amoniya, irin mai warin nan da ke tashi a garken awaki. In amoniya ta taru, guba ce ga kifi. Amma ga ciyawa taki ce. Mai garka ya san wannan magana sarai: abin da akuya ta zubar, shi albasa take so. Haka abin yake cikin ruwa. Ciyawa ta sha takin, ruwa ya gyaru.

Akwai na uku. Gansakuka, wato koren abin nan mai santsi, ita ma takin take nema. In ciyawa ta riga ta cinyewa, gansakuka ba ta samun ƙarfi.

Yadda ake aunawa

Babu wata doka da ta yanke cewa daga nan ciyawa ta cika. Masu akwati da kansu suna gardama a kai. Amma akwai awon da yawancinsu suke bi. Ba daga gefe ake dubawa ba, don ido yana ruɗin mutum. Daga sama ake leƙawa. A raba ƙasan akwati kashi huɗu a zuci. In ciyawa ba ta rufe kashi ɗaya ba, kaɗan ce. In ta rufe rabi, ta kai tsaka-tsaki. In ta rufe wajen kashi uku cikin huɗu, har yashi ba ya ganuwa sai a gaba-gaba, to an ce akwati ya cika da ciyawa. Wasu suna cewa da ta wuce rabi ta isa.

Sai dai ƙirgen tushe ba shi ne magana ba. Gona mai dabino goma da gona mai tushen albasa goma ba ɗaya ba ne. Akwai ciyawar ruwa mai nawa, ganye guda take fitarwa a wata. Ko ta cika akwati, takin da take sha kaɗan ne. Akwai mai saurin girma, wadda sai an rage ta kowane mako. Ita ce mai aiki. Ciyawar roba kuwa, wadda ake sayarwa don ado, ko an cika akwati da ita ba ta shiga lissafi.

Saboda haka awon gaskiya shi ne a duba ruwan da kifin. Ciyawa tana fitar da sabon ganye? Ruwa yana nan garau? Kifi suna yawo a tsakiya, suna cin abinci? In haka ne, ciyawa ta isa ga yawan kifin da ke ciki. In an ƙara kifi, ko an ƙara abinci, awon ya canza. A hannun sabon mai kiwo, yawan abinci ya fi yunwa kashe kifi.

Haɗarin dare

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. In rana ta faɗi, ciyawa tana daina fitar da oksijan. Sai ta koma tana sha, kamar kifi. Duk dare ana rabon iska tsakanin kifi da ciyawa da gansakuka da ruɓaɓɓen ganye. Da asuba iska ta fi ƙaranci. Shi ya sa kifi suka fi mutuwa da sassafe.

Alamar ba ta ɓuya. A je bakin kwami kafin rana ta fito. In an tarar da kifi sun taso sama, suna buɗe baki, iska ta kasa. Nan da nan a zuba sabon ruwa daga sama, ya faɗo yana kumfa. A rage ciyawa da gansakuka. Ranar kada a ba su abinci.

Zafi yana ƙara wahalar. Ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe oksijan wajen miligiram 9 a lita. A digiri 30 bai wuce 7 da rabi ba. Don haka a watan Afrilu da Mayu ake ƙara sa ido. Sanyin Abzin ma yana da nasa. Karfasa kifin ƙasar zafi ce. In ruwa ya sauka ƙasa da digiri 12 tana wahala, har takan mutu. Kwami mai zurfi ya fi riƙe ɗumi a daren Janairu.

Ciyawa mai yawo a saman ruwa, irin kainuwa, sai an yi hattara da ita. Tana shan taki da sauri, tana ba da inuwa. Amma in ta rufe fuskar ruwa duka, haske ba ya sauka, iska ba ta shiga. Kada a bari ta wuce kashi ɗaya cikin uku. A kwami mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1, wannan bai kai mita ɗaya ba a tsawo. Ciyawa mai duhu kuma maɓoya ce ga tsutsar sauro. Kifi ba ya iya kutsawa ya kama ta. Ashe wanda ya sa kifi don maganin sauro, ya bar kwami ya toshe, bai yi kome ba. Masassara tana nan.

Katantanwa kuwa

Warington ya ji daɗin katantanwarsa, don a Ingila yake. A ƙasashen nan labari dabam ne. Wasu ƙananan katantanwa na ruwa su ne ke ɗauke da cutar tsargiya, mai sa fitsarin jini. Cikin ciyawar ruwa suke zama. A ƙasar Senegal an yi gwaji a wasu ƙauyuka, aka ba da sakamakonsa a shekarar 2023. An riƙa cire ciyawar ruwa daga mashaya. Irin cutar mai kama hanji ta ragu ga ƴan makaranta. Ciyawar da aka cire kuma ta zama taki da abincin dabbobi.

Don haka duk ciyawar da aka ɗebo daga tabki, a duba ta ganye-ganye, a cire katantanwa da ƙwanta. A hana yara wanka da fitsari a kwami. Yaron da ya ga jini a fitsarinsa, a kai shi likita, akwai magani.

Kada ta fita daga garka

Akwai wata ciyawa mai shuɗin fure, asalinta Amurka ta Kudu. Don kyanta aka yi ta kai ta ƙasa-ƙasa. Yau ta addabi masunta a kogin Isa, har a Yamai. Inda ta sami wuri, cikin mako biyu takan ninka kanta. A fadamun Haɗeja da Nguru, a Najeriya, kacala ce ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana noma da su.

Abzin tana da nata ruwan duwatsu, wanda Abzinawa ke kira agalmam. Makiyaya da namun daji da shi suke rayuwa a rani. A shekarar 1988 gwamnati ta keɓe dajin Abzin da Tenere. A 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. A 2005 kuma aka sa ruwan duwatsun da dausayoyin Abzin cikin wuraren ruwa masu daraja na yarjejeniyar Ramsar. Agalmam ƙaramin ruwa ne, ba shi da mafita sai damina ta kawo ambaliya. Baƙuwar ciyawa in ta shiga, fitar da ita aiki ne ja.

Ciyawar da aka rage daga kwami ko akwati, ba a jefa ta cikin kori. A shanya ta a rana ta bushe ƙayau, a zuba ta ramin taki tare da kashin awaki. Ruwan da aka kwashe ma yana ɗauke da takin kifi, sai a sake shi ga tumatir. Wanda ke son kawo kifi ko ciyawa daga Tabalak ko wani tabki na kudu, ya fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji na Iferwan, ya nuna musu irin da yake nufi.