Tsatsar da ke cin bututun mai ta ciki

Duk sa'ad da aka ji bututun mai ya fashe, ko a kudu ne ko a layin da aka shimfiɗa don kawo ɗanyen mai matatar Kaduna, maganar da ke fara fitowa bakin hukuma da talakawa ita ce ɓarayi ne. Kuma ko da yake sau da yawa haka ɗin ne, wannan hujja ta zama mafakar gafala, domin ta rufe wata illa wadda ba hannun ɗan Adam ke yin ta ba.

Jama'a na zaton ƙarfen da mai ke gudana a cikinsa ba ya tsatsa, alhali ɗanyen mai ba ya tafiya shi kaɗai. Yana ɗauke da ruwan gishiri da iskar kabon dayoksaid, kuma da yake ruwa ya fi mai nauyi, duk inda gudu ya ragu sai ya kwanta a ƙasan bututu, iskar ta narke a cikinsa ta zama asid, ya shiga cin ƙarfen, wanda dama don araha da sauƙin walda aka zaɓe shi. Saboda haka bututun da aka bari a tsaye da mai a ciki ba hutawa yake yi ba.

Tun 1975 masana biyu na kamfanin Shell, de Waard da Milliams, suka fitar da ƙa'idar lissafi wadda, in aka ba ta zafin mai da matsin wannan iska, za ta ƙiyasta milimita nawa ƙarfe zai ragu a shekara. Sai dai ƙiyasin matsakaici take bayarwa, tsatsa kuwa ba ta san adalci ba: takan ƙyale faɗin bango ta haƙa wuri guda, kuma tulu ba sai ya zaizaye duka yake yoyo ba. A Prudhoe Bay ta Alaska, cikin 2006, rami ƙarami a ƙasan bututu ya zubar da mai fiye da galan 200,000, bayan shekaru ba a tura na'urar shara da awo a cikinsa ba.

Da yake irin wannan tsatsa na iya cin bututun gas mai kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wajibi ne mahukunta su busar da gas ɗin kafin ya shiga, su riƙa auna kaurin ƙarfen, su kuma bayyana wa jama'a sakamakon awon.