Haikalin Zinare a Cikin Waya: Injin Caca Ba Ya Ƙoshi, Ba Ya Amai

Akwai wata magana da ta cika majalisun samari, ta kuma cika zaurukan WhatsApp da Telegram, wadda na gaji da ji: wai injin caca idan ya daɗe yana cin kuɗin mutane to ya ƙoshi, dole ya yi amai, mai rabo kuwa shi ne wanda ya yi haƙuri ya jira lokacin. Da wannan magana ake yaudarar ɗalibi ya zuba kuɗin rajista, yaron shago ya taɓa cinikin maigidansa, magidanci ya kwana yana latsa waya alhali babu cefanen gobe.

Wasannin da nake nufi su ne waɗanda ke ɓangaren gidan caca na manhajojin da matasa suka fara saukewa don cacar ƙwallo. Ka sa kuɗi, ka latsa, hotuna su jujjuya su tsaya. In sun jeru iri ɗaya a ba ka wani abu, in ba su jeru ba kuɗinka ya tafi. Asalin abin injin ƙarfe ne mai hannu da wani makaniki mai suna Charles Fey ya ƙera a San Francisco ta Amurka a ƙarshen ƙarni na 19. Na yanzu ba su da ƙarfe ko hannu, kuma da yawansu an yi masu ado iri guda: kurmi mai duhu, tsohon haikalin dutse da kuranga ta nannaɗe, gumaka, macizai, akwatunan zinare. Gonzo's Quest na kamfanin NetEnt na ƙasar Suwidin, da Aztec Gems na Pragmatic Play, da Treasures of Aztec na PG Soft duk daga wannan gida suka fito. Adon ba na banza ba ne. Yana sa mai wasa ya ji kamar yana tona wata dukiya da aka binne, kowace latsawa tana matsar da shi kusa da ita.

Abin dariya, in da abin dariya ne, mutumin da aka gina Gonzo's Quest a kansa ya taɓa rayuwa. Gonzalo Pizarro ɗan Sifaniya ne da ya bar birnin Kito a 1541 da sojoji fiye da ɗari biyu da 'yan ƙasa kusan dubu huɗu, yana neman ƙasar kirfa da zinaren El Dorado a dazukan Kudancin Amurka. Yawancin waɗanda suka bi shi ba su dawo ba. Shi kansa ya komo a 1542 cikin tsumma, bayan sun cinye dawakansu don yunwa, bai ga zinare ba. Wannan ɓangare na labarin ba a saka shi a wasan ba.

To mu koma kan maganar ƙoshi. Sakamakon kowace latsawa ba a cikin wayarka ake yanke shi ba. Wata kwamfuta ce a can wajen kamfanin take fitar da lambobi barkatai, kuma da zarar ka latsa an gama yanke hukunci. Jujjuyawar da kake kallo, da duwatsun da ke faɗowa, da gangar da ake kaɗa maka, wasan kwaikwayo ne kawai da ake nuna maka bayan an gama. Kwamfutar ba ta riƙe lissafin cewa Audu ya yi asara sau arba'in, ya kamata a tausaya masa. Latsawa ta arba'in da ɗaya daidai take da ta farko. Ka jefa kwandala sama ta faɗo da fuska ɗaya sau goma a jere, jifa na goma sha ɗaya bai san da labarin na baya ba. A 1913, a gidan cacar Monte Carlo, ƙwallon faifan caca ya faɗa kan baƙi sau 26 a jere, mutane suna ta ninka kuɗi a kan ja don a ganinsu lokacinsa ya yi, suka yi asarar dukiya mai yawa. Ruɗin da ya ci Turawa masu kwat shekaru fiye da ɗari da suka wuce shi ne yake cin yaranmu yau a bakin shagon cajin waya.

Wani zai ce, ai sau da yawa saura ƙiris, gumaka biyu sun fito, na uku ya tsaya a saman layi. Wannan ƙiris ɗin ba alamar kusanci ba ce. Tun 1984 wani ɗan Norway mai suna Inge Telnaes ya yi rajistar dabarar da ke raba abin da ido ke gani da ainihin yiwuwar fitowar kowane hoto, ta yadda babbar kyauta za ta riƙa giftawa a gabanka alhali samunta ya yi nisa ƙwarai. Saura ƙiris asara ce cikakkiya, sai dai tana tsuma zuciya kusan yadda ci yake yi, shi ya sa hannu ke komawa. Akwai kuma wata dabarar: ka sa naira 200, a dawo maka da 60, allo ya cika da walƙiya da guɗa kamar ka ci gasa. Asarar 140 ka yi, amma an yi maka biki. Masu bincike a jami'ar Waterloo ta Kanada sun nuna jikin ɗan wasa yana amsa irin wannan asara kamar yadda yake amsa ci na gaske. Abin ya kai hukumar kula da caca ta Birtaniya ta hana irin wannan biki a 2021, ta hana injin ya riƙa latsa kansa da kansa, ta kuma ce kada latsawa ɗaya ta gaza daƙiƙa biyu da rabi. A 2025 aka ƙayyade fam 5 a latsawa ɗaya, fam 2 ga masu shekara 18 zuwa 24. Ƙasar da caca halal ce a dokarta ke nan take ɗaure wa abin ƙafa haka, mu kuwa muna cewa wasa ne.

Kamfanonin ma ba su ɓoye lissafin ba, karantawa ce ba a yi. A shafin bayanin wasa za ka ga an rubuta RTP, galibi wajen kashi 96 cikin ɗari. Ma'anarsa, in aka tara miliyoyin latsawar duk mutane, naira 96 ke komawa cikin kowace 100, naira 4 ta zama ta gida. Ka ga kamar kaɗan ne. Amma mai latsa naira 200 sau 600 a awa, wanda ba wuya ba ne, ya juya naira 120,000 ke nan, kason gida a ciki 4,800. Awa goma sha biyar kacal sun haɗiye abin da ya fi mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Wannan ma a wasan da bai da algus ke nan. Wasu masu ƙera wasannin suna ba gidajen caca zaɓin saukar da wannan kaso, akwai kuma shafukan da ke ɗora kwafin jabu wanda ba mai duba shi. Kyautar maraba da ake kwaɗaita wa sababbin shiga ita ma romon baka ce: in an ba ka 10,000 da sharaɗin ka juya ta sau 35 kafin ka cire, sai ka latsa na 350,000, kason gida a ciki 14,000.

Masu sayar da sigina, wato wai bayanin lokacin da injin zai biya, da manhajar kutse su suka fi ba ni haushi. Wanda ya san lokacin da injin zai zubo da miliyoyi, me zai yi da dubu biyar ɗinka? Da yawansu dillalai ne: mahaɗin da suke ba ka ka yi rajista da shi yana ba su kamasho, wani lokaci daga asarar da kai ɗin za ka yi. Hotunan cin da suke bazawa kuwa, ana iya haɗa su da kuɗin gwaji, kuma ba wanda ke ɗora hoton ranar da aka wanke shi. Haka masu kai wa malamin tsibbu kuɗi a ba su laƙanin caca, sun haɗa asara biyu. Hukuncin addini ba ya buƙatar dogon bayani. Ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida sun ambaci caca tare da giya, sun kuma faɗi gaba da ƙiyayyar da take haddasawa. Zanen haikali bai canza hukuncin ba.

Rashin aikin yi da tallar da ta cika ko'ina suna da nasu kason a yaɗuwar wannan caca, ban musa ba.

A 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan caca, Kotun Ƙoli kuma ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta mayar da ikon ga jihohi. Sai dai shagon da ke aljihu ba a sa masa kwaɗo, don haka aikin ya dawo kanka. In kana ciki, fara da fitar da bayanan asusunka na wata uku, ka tara abin da ka tura da abin da ka cire, ka kalli bambancin da idonka. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa, ita ranakun ci kawai take tunawa. Abin da ya tafi ka yafe shi gaba ɗaya, domin neman dawo da shi ne ke mayar da asarar dubu ashirin ta zama bashin dubu ɗari biyar. Goge manhaja kaɗai ba ya isa, minti biyu ne ka sake sauke ta. Ka nemi a rufe asusun ta hanyar dakatar da kai da gidajen caca masu lasisi ke bayarwa, ka sa manhajar toshe shafukan caca irin BetBlocker, wadda kyauta ce, ka fice daga zaurukan sigina. Ka miƙa katin banki ga wanda ka yarda da shi, matarka ko yayanka, na 'yan watanni, ka riƙa karɓar na kashewa a hannu. Kada ka kusanci manhajojin ba da rance. Kuma ka gaya wa mutum ɗaya gaskiya, da adadin, ba rabinsa ba.

Iyaye da yayye, ku lura da yaron da kuɗi ke ɓace masa ba dalili, yana kwana da waya, yana yawan rance da ƙarya ƙanana. Duka da gori sai su ƙara masa ɓoyo. In za ku biya masa bashi ku biya mai bashin kai tsaye, kada ku damƙa masa kuɗin. Ku duba wasannin da ƙanana ke saukewa, akwai masu wannan kamanni da ba a sa kuɗi, amma hannu suke horarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, kuma ana duba masu ita a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar asibitocin tarayya na Kaduna da Kware da Maiduguri. Wanda bashin caca ya kai shi ga tunanin kashe kansa, a kai shi ga likita a ranar, kada a jira gobe.