Ciwon Gaɓoɓi da Jijiyoyin Jin Zafi

Ɗalibai su lura cewa kalmar jijiya a Hausa ta haɗa hanyar jini, da agara, da kuma wadda ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa. Ta ƙarshen nan muke nufi.

A shekarar 1983, Clifford Woolf ya nuna ta gwaji kan ɓeraye cewa rauni yakan ƙara wa laka saurin jin zafi. In abin ya daɗe, ko shafa sai ta yi ciwo, alhali gaɓar ta warke. Wannan yana cikin dalilan da suka sa wajen mutum 1 cikin 5 da aka sauya wa gwiwa ke ci gaba da jin ciwo, domin tiyata ba ta taɓa laka. Irin waɗannan majinyata akan haɗa musu da motsa jiki sannu a hankali da gyaran barci.