Yaro Mai Tafiya Cikin Barci: Kowanne da Nasa Dalili

Uwargida, ko kin taɓa tarar da ɗanki tsaye a tsakar gida da tsakar dare, ido buɗe, kina kira ba ya amsawa? Ko ya zabura ya ƙwalla ihu, ki rungume shi ya ture ki, gari ya waye ya ce bai san an yi ba? Kada ki yi saurin cewa iskoki ne. Abin yana faruwa ne cikin barci mai nauyi, galibi awa 1 zuwa 3 bayan kwanciya. Jiki ya tashi, hankali bai farka ba. Mugun mafarki daban ne, shi wajen asuba yakan zo, kuma yaro yakan tuna shi. Tafiyar barci takan bi jini, yawancin yara kuwa sukan daina idan sun balaga.

To, dabarar da ta yi wa ɗan maƙwabciya amfani ba lallai ta yi wa naki ba. Wani ƙarancin barci ne, ya kai dare yana kallo. Wani zazzaɓi, wani fitsari ne ya cika masa mara, wani kuwa tsoron makaranta. Mai yawan minshari, wataƙila kumburin maƙogwaro ko na bayan hanci ke toshe masa numfashi. Wannan aikin likita ne, ba na wanzami ba.

Ke 'yar makaranta, ga aikinki: ki sami littafi ki riƙa rubuta ranar, da lokacin, da minti nawa ƙanenki ya yi, da abin da ya faru a yinin. Idan aka ga lokaci ɗaya yake tashi kullum, sai a riƙa ɗan motsa shi minti 15 kafin lokacin, har mako 2 zuwa 4. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, ba sai an sha ƙwaya ba.

Amma idan abin gajere ne, motsi iri ɗaya, sau da yawa a dare guda, ana iya zaton farfaɗiya. Ki ɗauki bidiyonsa a waya, ki kai shi asibiti tare da littafin. Haka ma babba da abin ya fara masa, musamman mai shan maganin barci.

Kafin nan, a rufe rijiya, a sa wa ƙofa sakata, a kawar da wuƙa da garwashi. Ko ana zafi, kada ya kwana a kan soro. In ya tashi, ban da duka, ban da jijjiga. Ki lallaɓa shi ki mai da shi shimfiɗarsa.