Marubuci mai zaman kansa a arewacin Togo: tsakanin neman suna da zama masani

A 'yan shekarun nan wani buri ya yi ƙarfi a zukatan matasan da suka yi karatu a arewacin Togo, daga Sokode zuwa Sansanne-Mango har Dapaong. Burin shi ne mutum ya riƙe alƙalaminsa ba tare da ubangida ba, ya yi ta rubutu har a wayi gari in ana son sanin gaskiyar lamarin arewa, shi ake nema. Buri ne mai kyau, yankin kuma yana matuƙar bukatar irin waɗannan mutane. Sai dai abubuwan da suka haifar da burin su ne kuma suke iya kashe shi tun bai kai ko'ina ba.

Abin da ya jawo haka

Dalili na farko nisa ne. Tsakanin Mango da Lome akwai sama da kilomita 500, kuma jaridun ƙasar, daga Togo-Presse ta gwamnati har masu zaman kansu, kusan duka a Lome suke, da Faransanci suke fitowa. Jami'ar Kara da ta fara karatu a 2004 ta ƙara yawan 'yan arewa masu digiri, amma guraben aikin jarida mai albashi ba su ƙaru daidai da su ba. Wanda ya iya rubutu, bai kuma son barin gida, abin da ya rage masa shi ne ya yi aiki da kansa, a biya shi gwargwadon abin da ya rubuta.

Na biyu, arewa ta zama labari. A Nuwamban 2015 an rasa rayuka a Mango sanadiyyar tarzoma kan shirin gwamnati na farfaɗo da gandun namun daji a yankin kogin Oti. A 2017 zanga-zangar adawa ta girgiza Sokode da Bafilo da Mango. A Nuwamban 2021 'yan bindiga suka kai hari Sanloaga, a Mayun 2022 kuma suka kashe sojoji 8 a Kpekpakandi, sannan a Yunin 2022 aka kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes. Daga nan kafofin labarai da ƙungiyoyin agaji da masu bincike suka shiga neman wanda ya san ƙasa, ya san mutane, yana kuma jin harsunansu.

Na uku harshe ne. Gyaran tsarin ilimi na 1975 ya zaɓi Ewe da Kabiye a matsayin harsunan ƙasa da za a koyar, Hausa ba ta ciki. Amma ita ce harshen zango da na kasuwar shanu, tana kuma da faɗin da sauran ba su da shi. Ɗan zangon Mango ya tashi yana jin sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe tun 1957, da na RFI da ya zo a 2007. Ya san abin da ya rubuta da Hausa zai iya isa Kumasi da Maraɗi da Kano, wayar hannu kuma ta ɗauke masa wahalar neman maɗaba'a.

Abin da ya haifar

Amfanin a fili yake. Maganar manomi da makiyayi da masunci, wadda a da sai ta bi ta bakin baƙo kafin a ji ta a Lome, yanzu tana iya fitowa daga hannun ɗan gari.

Illolin kuwa a ɓoye suke. Wanda ake biya kan kowane rubutu dole ya yawaita, mai yawaitawa kuma ba ya samun sukunin zurfafawa. Yau sharhin tsaro, gobe farashin taki, jibi hukuncin addini. Sunansa zai yaɗu, amma babu fanni guda da za a ce nasa ne, domin taura biyu ba ta taunuwa. Sannan ga haɗari: a yankin da ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, kalma ɗaya da ba a tantance ba tana iya jefa marubucin da wanda ya ba shi labari cikin masifa, kuma ba shi da kamfanin da zai tsaya masa. Hanyar isar da rubutun ma ba a hannunsa take ba. A Satumban 2017 an katse intanet a Togo, sai a Yunin 2020 kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa hakan ya saɓa wa doka. Illar da ta fi ciwo ita ce ta zama ɗan rakiya: shi zai kai baƙon ɗan jarida ƙauye, shi zai yi tafinta, shi zai bayyana abin da ke ƙasa, rahoton kuma ya fito da sunan wani.

Darasi daga Alhaji Umaru

Wannan ƙasa ta taɓa ganin marubucin da ya bi hanyar har ƙarshe. An haifi Alhaji Umaru a Kano a 1858. Tun yana matashi, a 1877, ya rubuta littafin koyar da rubutun wasiƙa da Larabci. Ya bi hanyar fataken goro, wadda Mango da Sokode ke cikin zangunanta, ya isa Salaga a 1892, bayan yaƙin basasar garin kuma ya koma Kete-Krachi, wadda a lokacin take ƙarƙashin Jamusawa tare da Mango a Togo guda. A can ya zauna yana limanci da koyarwa har rasuwarsa a 1934.

Abin da ya ɗaga shi sama da sauran malamai shi ne ya rubuta abin da ya sani ciki da waje. Ya yi waƙoƙi kan talauci da wadata da kan zuwan Nasara, ya kuma rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich bayanai masu tsawo da ajami kan tarihi da sana'o'i da al'adun ƙasar Hausa. Rayuwarsa ta nuna abubuwa uku: ya yi dogon karatu kafin ya yi magana, ya tsaya kan abin da idonsa ya gani, sannan yana da abin dogaro, wato makaranta da limanci, don haka yunwa ba ta tsara masa abin da zai rubuta ba. Amma ta nuna gefe na biyu ma. Wani ɓangare na aikinsa ya fara fitowa ne a Berlin da sunan Mischlich, a 1973 Douglas Ferguson ya fito da shi da sunan mai shi a kundin digirinsa a Amurka, a 2000 kuma Stanislaw Pilaszewicz na Poland ya buga rubutun zubensa. Ilimi kaɗai bai isa ya kare haƙƙin marubuci ba.

Ina mafita?

Jarin marubucin Mango yana ƙofar gidansa. Tarihin Anufo, waɗanda suka taso daga Ano a ƙasar Kwaddebuwa ta yau suka kafa garin a ƙarni na 18, mafi yawansa da Jamusanci da Faransanci aka rubuta shi. Fitaccen littafi kan zangon Lome na Michel Agier ne, a 1983, na garin Sokode kuwa na Barbier da Klein, a 1995. Rikicin gona da gandun daji, burtalin shanu, kamun kifi a kogin Oti, cinikin kan iyaka a Cinkasse, tsofaffin takardun ajami da ke gidajen malamai: kowanne ya isa ya ci rayuwar marubuci guda.

Wanda ya ɗauki ɗaya daga ciki, ya zauna da dattawa, ya adana bayanansa da kwanan wata, ya riƙe koyarwa ko kasuwanci don cin abinci, ya kuma dage a sa sunansa a kan duk aikin da ya yi wa wani, zai yi jinkirin yin suna. Amma ranar da aka bukaci a fahimci dalilin rikicin 2015 ko halin makiyayan Oti, ba za a tsallake shi ba. Girman masani jama'a ke bayarwa, kuma ba sa ba da shi sai sun gwada maganar mutum shekara da shekaru sun same ta daidai.