Abokan Wasa Biyu Na Birnin New York

'Yan'uwa, kowa ya san yadda Bafulatani da Babarbare suke zolayar juna, ba mai fushi. To, haka ɗan sanda da ɗan kwana-kwana suke a birnin New York na Amurka.

'Yan sanda sukan ce abokan nasu barci kawai suke sha a tasha ana biyansu albashi. Su kuwa sai su ce ai ɗan sanda bai iya komai ba sai cin wani fanke mai rami a tsakiya. Kowace shekara sukan kara a wasan hoki na kan ƙanƙara, kuɗin shiga kuma ya tafi ayyukan jinƙai. A 2014 dai wasan ya rikiɗe ya koma dambe, abin kunya, a gaban iyalansu.

Amma kishin yana da wani gefe. Ranar 11 ga Satumba 2001, 'yan sanda da ke cikin jirgi mai saukar ungulu sun hango bene na biyu yana shirin rushewa, suka gargaɗi mutanensu. 'Yan kwana-kwana da yawa ba su ji ba, domin rediyon kowane ɓangare dabam yake, shugabanninsu kuma ba su zauna wuri ɗaya ba. Dattawan ikilisiya da ba sa ga-maciji da juna, ku ji wannan da kyau.

'Yan kwana-kwana 343 suka mutu a ranar, tare da 'yan sandan birnin 23. A wurin jana'iza, waɗanda suka saba yi wa juna ba'a suka jeru sahu ɗaya a ƙofar majami'u.